Wata 120: Alƙawarin Yafe Bashin Karatu a Amurka



Daga watan Oktoba na 2017 dubban ma'aikata a Amurka suka fara cike wani fom, kowa da fara'arsa. Akwai malaman firamare a cikinsu, akwai ma'aikatan jinya, da 'yan kwana-kwana, da sojoji, da lauyoyin da gwamnati ke biya su tsaya wa wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Shekara goma cif suka yi suna ƙirga kwana. Tun a 2007 gwamnatinsu ta yi musu alƙawari cewa duk wanda ya ci bashinta ya yi karatu, sannan ya yi wa jama'a aiki na shekara goma yana biyan abin da aka yanka masa kowane wata, to abin da ya yi saura an yafe masa. Da Ma'aikatar Ilimi ta fito da lissafin abin da ya gudana zuwa ƙarshen Yunin 2018, sai aka ga mutum wajen 28,000 ne suka nemi yafiyar. Waɗanda suka samu kuwa su 96 ne.

Mutum 96, ba 96,000 ba.

Kafin a gane yadda aka yi haka ta faru, sai an san irin kayan da ɗalibin Amurka ke ɗauka ranar da ya sa hannu a takardar rance. Mutum kusan miliyan 43 gwamnatin tarayya ke bi bashin karatu, kuɗin kuma ya haura dala tiriliyan 1.6, wato ya ɗara duk bashin katin banki da Amurkawa ke fama da shi. Idan ɗalibi ya gama makaranta akan ba shi wata shida ya numfasa ya nemi aiki. Daga nan sai biya. Tsarin da aka saba da shi na shekara goma ne, adadi guda kowane wata, uwar kuɗi da kuɗin ruwa a haɗe. Wanda ya karɓi rancen digirin farko a zangon 2024 zuwa 2025, ruwan da ke kansa kashi 6.53 cikin 100 ne a shekara.

Gwamnatin Amurka ba irin mai bin bashin da ake ɓuya masa a bayan ƙofa ba ce. Wanda ya yi kwana 270 bai biya ba, an sa shi a jerin masu taurin bashi. Ana iya zaftare har kashi 15 cikin 100 na albashinsa ba tare da an je gaban alƙali ba, a kuma riƙe rarar harajin da ya kamata a mayar masa a ƙarshen shekara. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye yana iya zuwa kotu a sauke masa yawancin basussukansa, amma na karatu sai ya gamsar da alƙali cewa biyan zai jefa shi cikin ƙuncin da ya wuce misali, kuma 'yan kaɗan ne ke tsallake wannan siraɗi. Bashin ba ya tsufa. Mutuwa na shafe shi, nakasa ta dindindin na shafe shi. Ban da waɗannan biyu, hanyar da ta fi gajarta ita ce ta aiki.

Wannan dabara ta biyan bashi da gumi ta girmi dokar 2007 da rabin ƙarni, kuma tsoro ne ya haife ta. A watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, aka shiga tambayar ina injiniyoyi, ina malaman lissafi. Shekara na zagayowa Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar ilimi don tsaron ƙasa ta 1958. Ɗalibi na iya rancen dala 1,000 a shekara da ruwa kashi 3 cikin 100, idan kuma ya zama malami a makarantar gwamnati, kowace shekara ya koyar a zare masa kashi 10, har rabin bashin ya tafi. Lissafin bai da wuya: shekara guda a aji, kaso guda ya sauka. Rancen ya canza suna daga baya ya koma Perkins, aka faɗaɗa yafiyarsa ta kai ga shafe bashin baki ɗaya cikin shekara biyar, kafin a rufe shi a 2017.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meksiko a ƙaramin garin Cotulla na jihar Texas, ya kawo babbar dokar ilimin gaba da sakandare. A ƙarƙashinta bankuna ne ke ba ɗalibai rance, gwamnati ta tsaya musu. Mai sauraro ya riƙe wannan batu na bankuna a ransa, domin zai dawo. Sai a 1994 gwamnati ta fara ba da rance daga hannunta kai tsaye, aka ci gaba da tafiya da iri biyun kafaɗa da kafaɗa har 2010, lokacin da aka daina na bankuna. A idon ɗalibi duk ɗaya ne, fom guda ya cike, kuma kowanne bashin gwamnati ake ce masa.

To, a watan Satumba na 2007 Shugaba George Bush ƙarami ya rattaba hannu a dokar da ta haifi shirin da ake kira PSLF a taƙaice, wato yafe rance ga masu yi wa jama'a hidima. Hujjar masu dokar mai ma'ana ce. Yarinyar da ta fito jami'a da bashi a wuya, idan kamfani ya yi mata tayin albashi mai tsoka, makarantar ƙauye kuma ta yi mata tayin rabinsa, ai ba sai an tambaya ina za ta ba. Aka ce to a sa wani abu a ɗaya ɓangaren sikelin. Ta yi aiki na cikakken lokaci, aƙalla awa 30 a mako, a ma'aikatar gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ta yi biya 120, ba lallai a jere ba, sai a shafe saura, ba kuma za a caje ta harajin tarayya a kan abin da aka yafe ba.

Bari a buga misali da alƙaluma, domin a nan gizo ke saƙar. A ɗauka wata malama ce, ba ta da miji ba ta da ɗa, ana bin ta dala 40,000 da ruwa kashi 6 cikin 100, albashinta dala 45,000 a shekara. Idan ta bi tsarin shekara goma, kowane wata za ta ajiye kimanin dala 444. Ranar da ta yi biya na 120, a ranar bashin ya ƙare, babu ko sisin da za a yafe. Saboda haka duk mai son cin gajiyar shirin dole ya koma tsarin biya daidai samu. A wannan tsari ana ware wa mutum abin da zai rayu da shi tukuna, wato ma'aunin talauci na gwamnati da rabinsa a kai. A 2024 ma'aunin na mutum guda dala 15,060 ne, idan aka ɗora rabi ya zama 22,590. Abin da ya rage a albashin malamar dala 22,410 ke nan, a ɗauki kashi 10 cikin 100 a raba wata goma sha biyu, ya kama dala 187 a wata.

Sauƙi ya samu, daga 444 zuwa 187. Amma kuɗin ruwan da ke hawa kan dala 40,000 kowane wata dala 200 ne. Ma'ana, tana biya bashin na ƙaruwa. Idan albashinta bai motsa ba, domin sauƙin lissafi, bayan shekara goma ta zuba sama da dala 22,000, kuma abin da ake bin ta ya fi abin da ta ranta tun farko. Idan alƙawari ya cika, ta yi riba babba. Idan kuwa aka ce mata ba ta cancanta ba, to shekara goma ta yi tana ɗiban ruwa da kwando, kuma gwamnatin ce da kanta ta miƙa mata kwandon. Wannan shi ya sa wasiƙar ƙin amincewa ta fi ƙarfin a kira ta rashin sa'a.

Me ya kayar da mutane? Na farko, batun bankunan nan. Dokar ta ce rancen da ya fito kai tsaye daga gwamnati kaɗai ya shiga shirin, alhali a 2007 mafi yawan masu bashi na bankuna ne a hannunsu. Akwai mafita, mutum ya haɗe basussukansa su koma na kai tsaye, sai dai a wancan lokacin da ya yi haka ƙirgen watanninsa ya koma sifili. Da yawa ba su ji wannan magana ba sai bayan shekara bakwai, takwas, wasu ma sai da suka cika goman. Wasu rancensu daidai ne amma tsarin biyansu ba ya ciki, domin an sa su a tsarin da biya ke ƙaruwa sannu a hankali ko wanda aka ja wa'adinsa ya yi tsawo. Wasu kuma 'yan ƙananan abubuwa suka ci su: a lokacin biyan da ya makara fiye da kwana 15 ba a ƙirga shi, wanda ya gaza adadin da aka yanka ko da 'yan kwabbai ne ba a ƙirga shi. Har wanda ya yi zumuɗi ya biya fiye da ƙima a wancan lokacin yakan shiga uku, domin na'ura ta ɗauka ya biya na gaba, watan gaban kuma ya faɗi daga lissafi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, fom ɗin da ma'aikaci zai cike a tabbatar masa cewa wurin aikinsa na cikin shirin bai fito ba sai 2012. Shekara huɗu da ɗoriya mutane na tafiya a duhu.

Sannan ga masu riƙe da littafin. Ma'aikatar Ilimi ba ita ke karɓar kuɗi da hannunta ba, kamfanoni ta ba kwangila, su ke amsa waya, su ke rubuta wa ya biya wa bai biya ba. Shirin PSLF an damƙa shi ga FedLoan, reshen wata hukuma ta jihar Pennsylvania. Wani babban kamfanin, Navient, jihohi 39 suka taso shi gaba bisa zargin cewa maimakon ya nuna wa masu bashi tsarin biya daidai samu, sai ya riƙa tura su ga ɗage biya na ɗan lokaci, abin da ya fi saurin gamawa a waya amma ruwa na ta taruwa, watannin kuma ba sa shiga ƙirge. A Janairun 2022 kamfanin ya amince da sulhu na dala biliyan 1.85, ko da yake bai amsa laifi ba.

A yi wa Ma'aikatar Ilimi adalci: ta ce da yawa daga cikin masu neman farko ba su ma cika biya 120 ba, wasu kuma fom ɗinsu da giɓi. Gaskiya ne. Sai dai idan ɗalibi ɗaya ya faɗi jarrabawa a tuhumi ɗalibin, idan 99 cikin 100 suka faɗi, ido kan malam yake komawa.

Majalisar Dokoki ta ji kunya, a 2018 ta ware dala miliyan 350 don ceto waɗanda tsarin biya kawai ya kayar, ta ƙara wasu 350 daga baya. Abin dariya abin takaici, da ofishin bincike na majalisar, GAO, ya duba a 2019, sai ya tarar buƙatu sama da 54,000 aka shigar, 661 aka amince da su. An sake maimaita 99 cikin 100. Babban dalilin? An ce sai mutum ya fara neman ainihin shirin an ƙi shi, kafin ya nemi na ceto, kuma ba a fayyace wa jama'a haka ba. Kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka kora a kan wannan ƙa'ida aka kore su. Kuɗi na ajiye, masu shi na waje, tsakaninsu fom guda.

Daga nan sai kotu. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta shigar da ƙara a 2016, bayan an ba wasu lauyoyi takardar cewa wurin aikinsu ya cancanta, shekaru suka wuce aka dawo aka ce a'a, an fasa. Alƙali ya ba uku daga cikinsu gaskiya a 2019. A wannan shekarar ce ƙungiyar malamai ta AFT, ƙarƙashin Randi Weingarten, ta maka sakatariyar ilimi Betsy DeVos a kotu. Gyaran gaske bai zo ba sai Oktoban 2021, lokacin da gwamnatin Joe Biden ta buɗe ƙofa na shekara guda, ta ce duk biyan da mutum ya taɓa yi yana kan aikin jama'a za a ƙirga, ko rancen banki ne, ko tsarin biyan ba daidai ba ne, ko ya makara. Watannin da aka dakatar da biya saboda annobar korona, daga Maris na 2020 zuwa kakar 2023, su ma aka sa su a lissafi. FedLoan ya ajiye kwangilar, MOHELA ta jihar Missouri ta karɓa. Kafin zuwan Biden mutum wajen 7,000 kacal suka taɓa samun yafiyar. Zuwa Oktoban 2024 sun haura miliyan guda, kuɗin da aka shafe kuma ya kai wajen dala biliyan 74.

Ba a canza alƙawarin ba, wata 120 yana nan yadda yake. Yadda ake ƙirga watannin aka canza.

Kada a haɗa wannan da babbar yafiyar da Biden ya so yi wa mafi yawan masu bashi, dala 10,000 ga mai bashi, 20,000 ga wanda ya fito gidan marasa ƙarfi. Wannan Kotun Ƙoli ta soke ta a ƙarshen Yunin 2023, alƙalai shida a kan uku, bisa hujjar cewa majalisa ba ta ba shugaban ƙasa wannan iko ba. Sabon tsarin biyan da ya ƙirƙiro mai suna SAVE shi ma kotuna suka taka masa birki a 2024, mutum wajen miliyan 8 da suka shiga suka tsaya cak, ba biya ba ƙirge. PSLF ya tsira ne domin a rubuce yake cikin doka, ba umarnin shugaba ba ne.

Tsira ba ta nufin kwanciyar hankali. A Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a cire ƙungiyoyin da gwamnati ta ga suna da hannu a ayyukan da suka saɓa doka, irin su taimaka wa baƙin haure su karya dokar shige da fice. Ƙa'idar da ta biyo bayan umarnin an sa mata 1 ga Yulin 2026 ta fara aiki, wasu jihohi da birane kuma suka garzaya kotu, suna cewa an ba sakataren ilimi wuƙa da nama ya zaɓi wanda aikinsa ya isa a kira shi hidima. Babbar dokar haraji da kashe kuɗi da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ita ma ta taɓa masu bashi: ta kawo sabon tsarin biya, RAP, inda ake ɗaukar kashi 1 zuwa 10 cikin 100 na duk samun mutum, mafi ƙaranci dala 10 a wata, kuma wanda ba ya aikin jama'a sai ya shekara 30 kafin a shafe masa saura, maimakon 20 ko 25 da aka sani a da.

Masu sukar shirin, ya kamata a faɗa, ba duka ne 'yan adawar siyasa ba, kuma wasu maganganunsu na da nauyi. Shirin ba shi da rufi. Malamar nan tamu za a yafe mata dala dubu arba'in da wani abu, likitan da ya ranci dubu ɗari uku ya yi aiki a asibitin jami'a za a yafe masa ninkin-ba-ninkin, alhali nan da 'yan shekaru albashinsa ya ninka nata sau biyar. Gwamnatin Barack Obama ma ta taɓa ba da shawarar a tsayar da yafiyar a dala 57,500, majalisa ba ta karɓa ba. Ga kuma wata karkatar: shirin ba ya duba aikin da mutum ke yi, wa ke biyansa albashi yake dubawa. Akawun da ke lissafin kuɗi a jami'a mai arziki yana ciki, ma'aikaciyar jinyar da ke kwana a tsaye a asibitin 'yan kasuwa tana waje. Sannan komai a rataye yake a wata na 120. Wanda ya yi shekara tara da rabi ya bar aiki saboda jinyar mahaifiyarsa bai samu ko ƙwandala ba, sai in ya dawo ya ƙarasa. A ganin mai wannan sharhi, tsohon lissafin 1958 ya fi hankali a nan, domin kowace shekara mutum na ganin kayansa na raguwa da idonsa.

Akwai ƙananan shirye-shirye a gefe. Malamin da ya shekara biyar a jere a makarantar 'ya'yan talakawa ana iya yafe masa dala 5,000, ko 17,500 idan lissafi ko kimiyya yake koyarwa a sakandare, ko yana koyar da masu buƙata ta musamman. Likitoci da ungozoma da suka yarda su zauna inda babu ma'aikatan lafiya akwai hukumar da ke biya musu wani kaso na bashin bayan shekara biyu. Amma wanda ya fi ban tausayi shi ne tallafin TEACH, wanda dokar 2007 ɗin dai ta haifa. Shi kyauta ce, har dala 4,000 a shekara, bisa sharaɗin mutum ya koyar shekara huɗu cikin takwas a makarantar da ke da buƙata. Idan ya saɓa, kyautar ta rikiɗe ta zama bashi, da ruwa tun daga ranar da aka ba shi. Wani binciken ma'aikatar da kanta ya nuna kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka duba tallafinsu ya koma bashi. Gidan rediyon NPR ya bi sawun lamarin a 2018, ya gano malamai da dama suna cikin aji da alli a hannu, laifinsu kawai takardar shaida ta shekara-shekara ta makara ko an manta sa hannu a wani layi. Sai bayan wannan fallasa ma'aikatar ta yarda ta sake duba shari'arsu.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu da bashin Amurkawa. Ruwanmu shi ne Najeriya ta shiga wannan kasuwa. Ta taɓa gwadawa a 1972 da hukumar ba ɗalibai rance, abin ya durƙushe domin kuɗin da aka bayar ba su dawo ba. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, aka cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi da na ƙayyade samun iyaye, asusun NELFUND kuma ya buɗe shafinsa na intanet a Mayun wannan shekara. Ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma a ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba, kuma jami'o'in arewa irin su Bayero da Maiduguri na sahun gaba wajen nema.

Sharuɗɗan biya a takarda masu sauƙi ne. Sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa za a fara, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 daga albashi, mai sana'ar kansa kuma ya kawo kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba zai iya yin rantsuwa a takarda a ɗaga masa ƙafa. Yafiyar da dokar ta ambata ta mutuwa ce da larurar da ta hana mutum biya. Akwai dai wata yafiya da ba a rubuta ba: bashin da ba ruwa, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, narkewa yake da kansa. Naira 200,000 da aka ranta bana ba ita za a mayar nan da shekara bakwai ba. Sai dai wannan rangwame bai san malamin ƙauye ba, bai san ma'aikacin banki ba, kowa daidai yake ba.

Musayar karatu da aiki ba baƙuwa ba ce a nan. Jihohi da dama sun daɗe suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci bisa yarjejeniyar su dawo su yi wa jiha aiki na wasu shekaru, kuma kowa ya san yadda ake kai ruwa rana a kan wanda ya gama ya tsallake. Ranar da wani ɗan majalisa zai miƙe ya ce a yafe bashin NELFUND ga wanda ya koyar a karkara ko ya riƙe ɗakin shan magani a ƙauye, abin da ya faru a Amurka tsakanin 2007 da 2021 ya isa abin dubawa: wa zai tabbatar cewa malam yana aji a watan kaza, a wane littafi za a rubuta, kuma malam zai iya ganin littafin kafin shekara goma ta cika? Amurka tana da lambar shaida ga kowane ma'aikaci, da takardar haraji ga kowane albashi, duk da haka ƙirge ya gagara. A Najeriya, alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su da takardar albashi, suna shago, suna gona, suna kan babur. Telan da ya yi digiri ya buɗe shago a unguwa, shi zai faɗi ribarsa ta wata da bakinsa.

Ɗalibin da ya karɓi rancen a ajinsa na ƙarshe a 2024, ya tafi hidimar ƙasa a 2025 ya gama a 2026, a 2028 za a fara neman kashi gomansa.